Na Gane Yayana A Bidiyon Darasinmu, Kuma Har Yanzu Yana Jan Fasinja

Assalamu alaikum admin, barka da ƙoƙari. Don Allah ka sa min wannan a zaure ba tare da sunana ba. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, amma ina roƙon duk wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe tukunna, don maganar ba ta soyayya ba ce, rayukan mutane ne a ciki. Kuma in akwai ɗan garinmu a nan, don girman Allah kar ya zauna yana ƙirga direbobin layinmu yana neman gano ko wane ne, suna da yawa, zai iya ɗaukar alhakin wani.

Ni 'yar Ajingi ce, ina karatun likita a wata jami'a a Kano, ina aji uku. Ni ce auta a wajen Innarmu, sai babban yayanmu wanda maganar nan a kansa take. Direba ne, bas yake ja daga Ajingi zuwa Kano, motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce da ya yarda da shi ya ba shi. Babanmu yana nan da ransa amma ƙarfi ya ƙare, gona ma in ya je sai dai ya zauna a inuwa ya nuna a yi, don haka Yaya ne yake riƙe da gidanmu da nasa gidan, yana da mata da yara ƙanana. Karatun nan nawa ma da wasu suka ce mace me za ta yi da dogon karatu, shi ne ya tsaya kai da fata. Ba na faɗi haka don a ce ina bin sa ko yana bi na ba, na faɗa ne don ku san ba mugu ba ne, kuma ba mutumin banza ba ne.

Bana muka fara darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda duk ɗalibin likita yake tsoro, don a littafi abin kamar tarin zare ne da ya cukurkuɗe, sai ka haddace yau gobe ya gudu. Malamar da take ɗaukarmu, wata Dakta ce da take duba masu ciwon ƙwaƙwalwa a asibiti, sai ta kawo mana wata manhaja da ita da abokan aikinta suka haɗa, aka sa a kwamfutocin makaranta. Gaskiya abin ya yi kyau. Za ka ga ƙwaƙwalwa a allo kana juya ta duk yadda kake so, ka ɓare ta kamar albasa, ka danna wani ɓangare ya yi haske ya nuna maka abin da yake sarrafawa a jiki. Bayan kowane babi kuma akwai labarin majinyaci na gaske, da hoton ƙwaƙwalwarsa da bidiyonsa, an rufe fuska amma an bar murya, saboda Dakta ta ce so take mu ji yadda mutanenmu suke bayanin ciwo da Hausarsu, ba yadda Bature ya rubuta ba. Sannan a yi maka tambayoyi, kuma ba za ka wuce gaba ba sai ka amsa daidai. Tun ranar farko ta sa muka yi alƙawarin cewa duk abin da muka gani a ciki amana ne, ba ɗauka a waya, ba labari a waje, wanda ya saɓa kuma zai fuskanci kwamitin ladabtarwa. Ni har daɗi nake ji in lokacin shiga ɗakin kwamfuta ya yi, don a nan ne na fara gane darasin.

Ranar da abin ya faru muna babin farfaɗiya. Na sa iyafis a kunne na buɗe majinyaci na gaba, aka rubuta namiji ne magidanci, sana'a direban haya, ya taɓa buguwa a kai shekarun baya. Ban kawo komai a raina ba. Bidiyon farko da waya aka ɗauke shi a gida, mutum yana zaune a tabarma da kwanon abinci a gabansa, ya ƙura wa waje ɗaya ido, yana motsa baki kamar mai tauna, hannunsa yana ta murza gefen rigarsa, wata mata tana kiransa ba ya amsawa, an goge sunan da take kira. Kafin in kalli mutumin ma bangon na fara kalla. Na san bangon nan, na san ƙofar langalangar da aka yi wa shuɗin fenti rabi aka bar rabi, na san randar da take gindin darbejiya. Tsakar gidan Yaya ne. Na ce wa kaina gidaje suna kama, sai bidiyo na biyu ya buɗe, na asibiti, ya fara magana. Ya ce, "Dakta ni ba faɗuwa nake ba, kawai sai in ji warin ƙonannen roba, cikina ya taso kamar an tsallake kwari da mota, daga nan sai dai in ga mutane suna kallona." Muryar da na taso da ita a kunnena ce, har da yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana da manya.

Manhaja kuwa ba ta san abin da nake ciki ba, ta ci gaba da aikinta. Ta fito da hoton ƙwaƙwalwarsa, ta zagaye wani ɗan tabo a saitin kunnen dama, daidai inda aka yi masa ɗinki lokacin da ya faɗi a babur ina firamare, har muna tsokanarsa da askin da aka yi masa. Sai ta nuna wani jan haske yana tasowa daga tabon yana bazuwa, ta yi bayani cewa warin nan da yake ji ba gargaɗi ba ne kafin ciwon, ciwon ne ya riga ya fara, wani lokaci yana bazuwa a hankali, wani lokaci kuma kafin mutum ya ankara ya riga ya tafi. Daga nan tambaya ta fito: wace shawara ce ta fi muhimmanci ga wannan majinyaci? Na zauna ina kallon amsoshin, na san amsar, amma ban danna ba. Ƙawata da take kusa da ni ta leƙo ta ce wannan ai a fili take, ta miƙo hannu ta danna min inda aka rubuta ya daina tuƙi. Allon ya yi kore, alamar amsar daidai ce. Na tashi na fita daga ɗakin.

Washegari na je ofishin Dakta, na ce mata ina jin na san majinyacin nan, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ta cire gilashinta, ta ce ita ba za ta ce min e ba, ba za ta ce a'a ba, don ko ni ce na zo asibitinta haka za ta rufa min asiri. Ta ce duk wanda yake cikin manhajar da yardarsa aka sa shi, amma tunda har wani zai iya gane bango to aikinsu bai cika ba, za ta sa a cire wannan babin a ranar, kuma ta cire. Na ce Ma, yana nan yana tuƙi fa, kullum sai ya cika mota. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "A matsayinki na ɗaliba, ba ki ga komai ba, kuma in na ji maganar manhajar nan a tasha ni ce zan fara kai ki gaban kwamiti. Amma abin da ƙanwa ta gani da idonta a gidansu, wannan nata ne, ba ni da iko da shi." Da na tashi fita ta ƙara da cewa, in na san wani majinyaci da ya daina zuwa kilinik ya daina karɓar magani, in yi ƙoƙari in kawo shi, ƙofarta a buɗe take. Daga nan na gane ya daina zuwa.

Na kasa karatu, na kasa cin abinci. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara daga gida sai gabana ya faɗi. Da ƙarshen mako ya zo na shirya na tafi tasha, na ƙi shiga motar da take kan layi, na jira tasa. Ya yi murna da ganina, ya ce Auta yau kuma hutun me aka samu, ya sa aka ba ni kujerar bayansa. Motar ta cika, akwai wata mai goyo, akwai tsofaffi biyu da suka dawo daga asibiti, akwai 'yan kasuwa da buhunansu. Tun daga Kano ban kalli hanya ba, ƙeyarsa da hannunsa a kan sitiyari nake kallo. Tuƙinsa lafiya lau, yana hira yana ba mutane dariya, har na fara cewa ko dai ya warke ne nake ɗaukar alhakinsa. Mun wuce Gaya mun kama hanyar Ajingi, sai na ga ya shaƙi iska ta hanci sau biyu kamar mai neman inda wari yake fitowa, ya katse maganar da yake yi, ya gangara gefen titi da sauri har buhu ya zamo kan wata mata, ya ja birkin hannu ya ce bari ya duba taya. Fasinja suka ci gaba da hirarsu. Ni na sauka na zagaya bayan motar.

Yana tsaye ya dafa gilashin baya, idonsa a buɗe amma ba kowa a ciki, bakinsa yana motsi, ɗaya hannun yana murza rigarsa. Na ce Yaya, bai amsa ba. Na riƙe hannunsa na janye shi daga bakin kwalta don wata tirela tana tahowa, ya biyo ni kamar yaro. Ba a daɗe ba ya dawo hayyacinsa, ya kalle ni ya kalli hannuna a kan nasa, ya ce tayar lafiya take, mu tafi. Na ce ka bari ka huta tukunna. Ya ce min in shiga mota. Na shiga, Allah ya yafe min, ban ce wa kowa komai ba, na zauna ina ta salati har muka isa.

Da yamma na same shi a gidansa, ya aiki yara waje. Ban ambaci manhaja ba, na ce abin da na gani a hanya nake so mu yi magana a kai. Ya yi dariya ya ce hajijiya ce, bai karya da wuri ba. Na ce Yaya wannan farfaɗiya ce, kuma ka sani. Nan fa ransa ya ɓaci, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce kar in sake kiran wannan suna a gidansa, shi bai taɓa faɗuwa yana kumfa ba, karatu ne ya fara hawa min kai. Daga baya ya sauko, ya tambaye ni ko a makaranta na gani, na yi shiru, shirun ya ba shi amsa. Ya ce da suka nemi izininsa ya san ina karatun, amma an ce za a rufe fuska, kuma shi saboda ni ya yarda, ya ce musu ƙanwarsa ma likita za ta zama, a ɗauka ko Allah zai sa wani ma ya taimaka mata. Wallahi a nan na fara kuka.

Na tambaye shi magani, ya ce ya sha na ɗan lokaci kuma abin ya lafa, amma yana sa shi barci da nauyin kai, ya kusa gyangyaɗi a kan hanya, shi a ganinsa maganin ya fi ciwon haɗari, shi ya sa ya ajiye, kuma bai koma ba don duk zuwa sai Dakta ta tambaye shi ko ya ajiye tuƙi, shi kuma ba ya son yi wa babbar mace ƙarya. Ya ce ciwon yana yi masa sallama kafin ya zo, da ya ji warin yake fakawa, tun da ya fara bai taɓa ko goge wani ba. Na ce masa warin nan ciwon ne da kansa, akwai ranar da zai zo ba sallama, ko ya zo kana kan gada ko kana tsakiyar wuce babbar mota. Na ce akwai wasu magungunan, a canza masa, in ya samu lafiya na tsawon lokacin da likita ta gamsu sai a ga abin da zai yiwu. Ya ce to kafin nan fa, wa zai ajiye masa mota ya jira shi? Ya ce ranar da ciyaman ɗin tasha ya ji kalmar nan, ranar zai karɓi mukulli, Alhaji ya ba wani, kuma ba mai sake ba shi ko keke a Ajingi da Gaya. Na ce gonar Baba tana nan, ga harkar gyaɗa. Ya ce gonar da ba ta ciyar da gida ɗaya ita za ta ciyar da biyu? Sai ya faɗi abin da ya fi damunsa, ya ce kin san mutanenmu, ba za su ce buguwa ce a kai ba, cewa za su yi a jininmu take, ba mai cin abinci kwano ɗaya da shi, 'ya'yansa mata su girma ana nuna su, har ni ƙanwarsa sai abin ya shafe ni. Ya ce in rantse ba zan faɗa wa Inna ko wani ba. Na ce ba zan rantse ba. Ya ce, "To ki je ki yi abin da kika ga dama. Amma ki sani in kika tona min asiri, ke kika kashe gidan nan da hannunki, ba ciwo ba."

Da zan fita matarsa, Anti, ta biyo ni zaure. Ita ce ta ɗauki bidiyon farko, ita ce ta matsa masa ya je asibiti tun farko. Na zaci za ta roƙe ni in yi shiru, sai ta riƙe mayafina ta ce min ita ta gaji, kullum in ya fita da asuba ba ta da kwanciyar hankali sai ta ji ƙarar motarsa, kuma yanzu abin ya fi zuwa akai-akai, har ya taɓa zuwa masa yana alwala bai ji warin komai ba, butar ta faɗi, shi bai ma san an yi ba, ita kuma ta ji tsoron faɗa masa. Ta ce ita ba za ta iya kai ƙarar mijinta ba, ya ce in maganar ta fita daga bakinta a bakin aurenta, amma ni jininsa ce, komai ya yi zafi ba zai iya sakina ba. Wato ita ma ni ta ɗora wa.

Na koma makaranta da wannan kayan a kaina. Na kira shi na faɗa masa maganar alwalar ba tare da na ce daga ina na ji ba, ya kashe wayar, kuma na san Anti ta sha faɗa a kaina, don tun ranar ba ta ƙara ɗaga kirana ba. Na tura masa saƙo na ce zan raka shi wajen Dakta, ba wanda zai sani, ya karanta bai amsa ba. Inna tana da hawan jini, kuma Yaya shi ne hasken idonta, in na faɗa mata ban san abin da zai same ta ba, kuma na san halinta, abin da za ta fara shi ne neman rubutu da hayaƙi, ta ce a rufa asiri. Baba in ya ji zai iya hana shi, Yaya ba ya tsallake maganarsa, amma Baba ba ya riƙe magana, kafin la'asar an ji a majalisa. Ciyaman ɗin tasha kuwa abokin Baba ne, yana ganin mutuncina, na san in na je zai saurare ni, amma daga ranar Yaya ya gama tuƙi a ƙasarmu, kuma in aka tambaye ni yadda na sani, ko na ce a hanya na gani, shi Yaya ya san daga inda na fara sani, in ransa ya ɓaci ya je ya ce asibiti sun nuna wa ɗalibai sirrinsa, karatuna da aikin Dakta duk sun shiga matsala.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira na rubuto yau shi ne, ranar Asabar mai zuwa za a kai amarya, 'yar kawunmu, daga Toranke zuwa Kano, kuma motar Yaya aka ɗauka shata. Inna za ta shiga, ƙannenta za su shiga, Anti da yaranta za su shiga, kusan duk matan danginmu a mota ɗaya. Kuma ga hidimar biki, ba zai samu barci sosai ba, rashin barci kuwa yana cikin abin da yake tayar da ciwon nan. Na roƙe shi ko na ranar kaɗai ya ba wani abokinsa ya ja, ya ce in ya ba wani motar a bikin gidansu me zai ce wa mutane. Ɗazu da safe ya kira ni da kansa, muryarsa a sanyaye, ba faɗa. Ya ce Auta, na ji duk abin da kika ce, ki bar ni in wuce bikin nan, bayan shi sai mu yi magana. Na ce ka yi min alƙawarin za ka je asibiti? Ya ce sai mu yi magana dai. Sannan ya ce in ban yarda da tuƙinsa ba kar in shiga, ba zai ji haushi ba, in hau wata motar.

To 'yan uwa ku faɗa min, in na hau wata motar na bar Inna da yara a tasa, me na yi ke nan? In kuma na shiga na yi shiru kamar wancan karon, na zama me? Don Allah kar ku ce min in yi addu'a kawai, ina yi, ban fasa ba. Masu ilimin addini a cikinku, amanar ɗan uwana ce ta fi nauyi a kaina ko rayukan da suke bayansa? Likitoci da nas-nas na zauren nan, in ku ne a matsayina wa za ku fara tunkara, Baba, ko ciyaman, ko in koma wajen Dakta in roƙe ta ta kira shi da kanta? Direbobi kuma, akwai hanyar da ake ajiye mutum ya huta a tasha ba tare da an tozarta shi ba? In akwai wanda ya taɓa raba ɗan uwansa da sana'arsa don ya tsira da ransa, ya faɗa min gaskiya, sun ƙara zama inuwa ɗaya ko shi ke nan?

Ni dai na san ba zan iya tsayawa a ƙofar gidan kawu ranar Asabar ina kallo ana loda mutanenmu a motar nan ba. Abin da ban sani ba shi ne ƙofar wa zan ƙwanƙwasa kafin ranar. Don Allah ku ba ni shawara da wuri.